Yadda sunana ya shiga rajistar masu hawan jini

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen Oktoban 2024, bayan sallar azahar. Mun fito daga masallaci za mu koma shago a Kantin Kwari, sai muka tarar an kafa rumfa a bakin layi, an jera kujerun roba, ga ma'aikatan lafiya su huɗu a kan tebur biyu. Wani saurayi yana ta shela da lasifikar hannu cewa a zo a yi gwajin hawan jini da na suga kyauta. A makon ne kwamishinonin lafiya na jihohin Najeriya suka haɗa kai a kan gangamin auna mutum miliyan 10 cikin kwana bakwai, daga 28 ga Oktoba zuwa 3 ga Nuwamba. Ni ban san da wannan ba a lokacin, kuma ba ni da niyyar tsayawa, don na bar yaro shi kaɗai a shago, ga baƙi daga Maraɗi suna jiran a yanka masu shadda. Maƙwabcina ne ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Alhaji, minti biyar dai. Mu ga abin da ke ciki."

Yarinyar da ta auna ni ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Ta naɗa mini madaurin a dantse, ta danna na'urar, abin ya matse ni har na ji bugun jijiyata, sannan ya saki a hankali. Ta dubi lambar, ta dube ni.

"Baba, an taɓa ce maka kana da hawan jini?"

Na ce mata ban taɓa kwanciya asibiti ba tunda nake. Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba. Ta tambaye ni ko na ci goro ko na sha shayi yanzu, na ce akwai ɓarin goro a bakina tun kafin sallah. Ta sa na tofar, ta ce in jingina bayana da kujera, in sauke ƙafafuna biyu a ƙasa, in yi shiru na minti biyar, ko gaisuwa kada in amsa. Awon farko 171 bisa 104 ne. Na biyu ya nuna 163 bisa 99. Sugan kuwa lafiya lau. Ta rubuta lambobin a wata 'yar takarda, ta karɓi lambar wayata da sunan unguwarmu, ta ce in je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da gidana cikin makon nan a sake aunawa, domin da awon rana ɗaya ba a yanke wa mutum hukunci. Na ninke takardar na sa a aljihun gaba, na koma wajen baƙina.

Kwana goma sha ɗaya takardar nan ta yi ban je ko'ina ba. Dalilin kuwa shi ne ba na jin komai. Shekarata 47, ina cin abinci, ina barci, ina ɗaga dilar atamfa in haura da ita bene. A tunanina mai hawan jini shi ne wanda kansa ke sarawa, yana ganin jiri, ko wanda aka ɓata wa rai ya ce jininsa ya hau. Haka muke faɗa a kasuwa, kamar abu ne da ke zuwa da ɓacin rai ya tafi da an huce. Uwargida ce ta ga takardar za ta ba da wanki. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ajiye ta kusa da kwanon abincina da dare ta ce, "Alhaji, ka tuna Baba."

Na tuna kuwa. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yana alwalar asuba ya yanke jiki ya faɗi, bai kai shekara sittin ba. Bakinsa ya karkace, hannu da ƙafar dama suka saki, magana ta gagara. Aka ce iska ce ta buge shi. Muka yi ta rubutu da turare da shafe-shafe, iya abin da muka sani ke nan, kuma da zuciya ɗaya muka yi. Sai a rana ta uku aka kai shi asibiti. Wata bakwai ya yi a kwance muna juya shi, mutumin da ko butarsa ba ya yarda a ɗaukar masa. A duk rayuwarsa ban san an taɓa ɗaura masa abin awon nan ba kafin ranar da ya faɗi. A gidanmu muna cewa ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya yi ajalinsa, amma ban taɓa haɗa wannan da lambar da ke cikin aljihuna ba sai daren nan.

Washegari kuma waya ta shigo daga lambar da ban sani ba. Muryar mace ce, ta yi sallama ta ce daga asibitin unguwarmu take kira, an turo masu sunayen waɗanda awonsu ya hau a gangamin, kuma har yanzu ba su gan ni ba. Na yi mamaki ƙwarai. Ban zaci takardar da aka cike a bakin kasuwa za ta bi ni har gida ba.

Ranar Litinin na je. Benci cike yake da mata masu goyo, maza mu uku ne kawai, sauran biyun kuma dattawa ne. Aka buɗe mini kati. Aka sa na cire takalmi na hau sikeli, aka auna tsayina a jikin bango, aka zagaya mini tef a ciki daidai cibiya, irin tef ɗin da teloli ke zuwa da shi shagona. Sai tambayoyi: kana shan taba? Akwai mai hawan jini ko ciwon suga a gidanku? Akwai wanda ya taɓa shanyewa? Kana jin ciwon ƙirji, ko numfashinka na yin sama idan ka hau bene? Ƙafarka na kumbura? Wane magani kake sha? Nan na ce ba na shan komai, sai daga baya na tuna haɗin da nake karɓa a kemis idan jikina ya yi tsami, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda, ban san sunan ko ɗaya ba.

Shugabar asibitin ce ta auna ni da kanta, wata dattijuwa mai sanyin magana da kowa ke kira Hajiya. Ta fara tura ni bayi, ta ce riƙe fitsari ma yana ɗaga lambar. Ta dubi kaurin dantsena ta canza madaurin zuwa babba, don ƙarami a babban hannu yana nuna abin da ya fi gaskiya yawa. Ta ɗora hannuna a kan tebur daidai saitin ƙirji. Ta auna sau biyu da tazarar minti biyu: 156 bisa 97, sai 154 bisa 96. Aka kuma gwada fitsarina don a ga ko ƙoda ta fara taɓuwa, alhamdu lillahi ba a ga komai ba.

Sannan ta yi mini bayanin da ba wanda ya taɓa yi mini. Ta ce lambar sama ita ce ƙarfin da jini ke tura bangon jijiya lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma ƙarfin da ya rage lokacin da ta saki kafin bugu na gaba. Idan ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, aka kuma same ta haka a ranaku biyu daban-daban, to hawan jini ya tabbata. Ta ce in ɗauki tiyon ban-ruwa da aka buɗe wa famfo har ƙarshe dare da rana: ba zai fashe yau ba, amma yana ci a hankali. Inda ya fi siriri nan yake fara ɓallewa. Idan a ƙwaƙwalwa ne, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Idan jijiyar da ke ciyar da zuciya ce ta toshe, shi ne bugun zuciya. Ita kanta zuciyar, don tana turi da wahala, sai ta yi kauri ta gaji har ta kasa. Ƙoda da ido ma ba su tsira ba.

Na ce, "Hajiya, amma ni wallahi ba na jin komai."

Ta ce, "Ai shi ya sa muke fita nemanku, Alhaji. Kisan mummuƙe yake yi. Da yana ciwo da kanku za ku zo."

A bangon ofishinta akwai wata takarda da aka manna, an zana matakai kamar tsani. Ta ce tsarin magani ne na bai-ɗaya da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta amince da shi, don ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibiti ya iya kula da mai hawan jini ba sai an jira likita ba. Matakin farko ƙwayar amlodifin ce mai miligiram 5, sau ɗaya a rana. Idan bayan wata guda lambar ba ta sauka ba, a ƙara losatan mai miligiram 50. Idan ta ƙi, a ninka su biyun. Idan har yanzu ta ƙi, a ƙara magani na uku mai sa fitsari, daga nan kuma sai a tura mutum babban asibiti. Daga baya na samu labarin cewa a shekarar 2020 aka fara gwada irin wannan tsari a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun tare da Hukumar Lafiya ta Duniya. Ni dai a matakin farko aka ɗora ni. Ta ba ni ƙwaya talatin, ta ce idan idon sawuna ya kumbura in dawo in faɗa, kada in daina da kaina. Ta kuma hana ni haɗin kemis, ta ce yawanci akwai magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen a ciki, kuma suna ɗaga jini suna wahalar da ƙoda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a ranar shi ne littafin. Kafin in tashi ta jawo wani dogon littafi mai baƙin bango, gefensa duk ya tauye saboda buɗewa. Ta rubuta sunana a sabon layi, da shekaruna, da unguwa, da lambar wayata, da ta wani wanda za a kira idan ba a same ni ba. Daga nan layin ya miƙe zuwa dama, gida-gida, kowane gida na wata ɗaya ne: awon ranar, matakin magani, ranar dawowa. Na leƙa shafin. Wasu layukan sun cika har bakin takarda, kana ganin lambobin suna sauka wata bayan wata. Wasu gida biyu aka cike sai fili. A gaban wasu an rubuta da jan biro: an kira, bai ɗauka ba, ya yi tafiya, ya koma wani asibiti. Akwai guda biyu da aka ja wa layi aka rubuta ya rasu. Na kuma lura sunayen mata sun ninka na maza. Hajiya ta ce mata suna zuwa awon ciki da rigakafin yara, don haka ana kama nasu. Namiji kuwa in ba ɗauko shi aka yi ranga-ranga ba, ba ya tako ƙofar nan.

'Yar yayana tana karatu a kwalejin koyon aikin lafiya, ita ta ƙarasa mini bayanin inda littafin nan yake zuwa. Ta ce duk ƙarshen wata ana ƙirga shi: mutum nawa aka auna, nawa aka samu da hawan jini, nawa aka ɗora a magani, nawa suka dawo, nawa ne awonsu ya sauka ƙasa da 140 bisa 90. A cike fom a kai ƙaramar hukuma, a shigar da shi manhajar DHIS2 da ake tara alƙaluman lafiya na ƙasa, jiha ta gani, Abuja ta gani. Da wannan ake sanin yawan maganin da za a tanada, da asibitin da mutanensa ke ɓacewa bayan zuwan farko.

Na ce mata ashe dai ƙidaya ce kawai. Ta ce, "Baffa, ai da ƙidayar aka gano ciwon ma." Ta ba ni labarin wani ƙaramin gari a Amurka mai suna Firamingham, inda a 1948 aka ɗauki mutum 5,209 ana auna su duk bayan shekara biyu, ana rubuta abin da suke ci da sha da abin da ya same su, daga baya aka ɗora da 'ya'yansu da jikokinsu. A wancan zamani likitoci da yawa suna ɗaukar hawan jini a matsayin abin da ke zuwa da tsufa, ba abin damuwa ba. Rubutun nan na shekara da shekaru yana cikin abin da ya tabbatar cewa hawan jini da shan taba da yawan kitse a jini da ciwon suga su ne ke share wa ciwon zuciya hanya. Ta ce rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna masu hawan jini a duniya sun kai biliyan 1.3, kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma a cikin kowane biyar ɗaya ne kawai nasa ya daidaita. Cututtukan zuciya da jijiyoyin jini kuwa su ke da kusan kashi ɗaya cikin uku na mace-macen duniya. Na yi shiru, don na san har ranar Larabar nan ina cikin rabin da ba su sani ba, kuma Baba a cikinsu ya rasu.

Shan ƙwayar bai ba ni wahala ba. Na ajiye ta kusa da abin sallata, ina idar da asuba in haɗiye. Gishiri ne ya zama aiki. Hajiya ta ce abin da ake so babba ya ci a yini kada ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin dunƙulen magi, da burodi, da yajin tsire, da kilishi, da taliyar yara. Har kanwar da ake sa wa wake da ɗanwake tana ɗauke da sinadarin da ake gudu a gishirin. Da na isar da saƙon, uwargida ta ce, "To Alhaji, miyar da ba gishiri ba magi wa zai ci?" Gaskiyarta ce. Na zauna a bakin madafa ran nan, abin da ban saba ba, na ga yadda ake haɗa miyar kuka ta gidanmu: dunƙule shida, da farin magi, da gishiri cikin tafin hannu, sannan a kawo yaji a gefe mu barbaɗa. Ba ta yi don ta cuce ni ba, haka ta gani a gidansu, haka ni ma na tashi ina so.

Da farko ta ce za ta riƙa yi mini tukunya daban. Na ƙi, don na san ba zai ɗore ba, kuma yaran nan jinina ne, abin da ya same ni yana iya jiransu. Muka yi shawara a rage wa kowa a hankali. Aka cire farin magi gaba ɗaya, dunƙule ya koma huɗu, bayan mako biyu ya koma uku, aka ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta. Robar yaji ta bar kan tabarma. Makon farko yara sun yi ƙorafi. Bayan wata guda da 'yan kwanaki na ci abinci a wajen wani biki na ji gishirin yana cizon harshena, alhali irinsa nake ci a da. Na kuma fara sauka daga adaidaita sahu tun kafin a iso kasuwa in ƙarasa da ƙafa, tafiyar kamar minti ashirin da biyar, don an ce a samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Goro ne har yau muke fama, na dai rage.

A watan Disamba na koma, awo ya nuna 148 bisa 93. Ya sauka amma bai isa ba, aka ƙara mini losatan. Ina zaune na ji Hajiya tana tambayar wata matashiya ko tana da ciki ko tana sa ran samu, don wannan maganin ba a ba mai juna biyu. A Janairun 2025 na samu 133 bisa 84. Hajiya ta rubuta a gidan watan, ta juyo littafin ta nuna mini. Na ji daɗin da ban yi zato ba.

Daga nan ne na yi kuskure, kuma saboda shi na zauna rubuta wannan. A Fabrairu na je aka ce maganin ya ƙare a asibitin, aka rubuta mini in saya a waje. Na saya na wata ɗaya, kuɗin ya fi wanda na saba biya nesa ba kusa ba. Sai azumi ya kama a farkon Maris, lokacin da kasuwarmu ke ci, teloli da masu sayen kayan sallah ba sa bari ka ɗaga kai. Ƙwayar ta ƙare ranar goma ga azumi. Na ce gobe, gobe ta zama jibi. A raina kuma akwai wata magana da ban faɗa wa kowa ba: ai lambar ta sauka, na warke. Wani abokin ciniki ya ce mini shi zoɓo da tafarnuwa yake sha, ya rabu da maganin Bature, wai idan ka saba da shi ba ka rabuwa da shi. Maganar ta yi mini daɗi don ita nake son ji. Ranar dawowata ta wuce. An kira ni sau biyu ina cikin ciniki ban ɗauka ba.

Kwana huɗu bayan sallah, da yamma, yaro ya shigo ya ce ana sallama. Na fita na ga wani matashi da jaka a kafaɗa, ɗaya daga cikin masu aikin sa-kai na asibitin. A hannunsa akwai takarda mai sunaye kamar goma sha biyu, yana bi gida-gida. Ya gaishe ni da ladabi ya ce, "Baba, Hajiya ce ta ce in duba ko lafiya." A zaure ya auna ni, a kan tabarma, ya sa na ɗora hannu a kan matashi. Na'urar ta nuna 159 bisa 99. Na koma inda na fara, har na ɗan wuce, kuma a cikin makonnin nan ko sau ɗaya ban ji ciwon kai ba.

Da na je washegari Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe littafin ta nuna mini gida biyu da suka zauna fili a layina. Ta ce maganin ba ya cire hawan jini kamar yadda ake kashe zazzaɓin cizon sauro a kwana uku, riƙe shi yake yi, ranar da ka saki ya koma. Lambar da ta sauka shaida ce cewa maganin yana aiki. Zoɓo marar sukari ba laifi ba ne, ta ce, amma ba zai tsaya a madadin ƙwayar ba. Azumi kuma ba hujja ba ne, tunda sau ɗaya ake sha a yini, ana iya mayar da shi lokacin sahur ko bayan buɗa-baki. Na faɗa mata maganar tsada. Ta ce da na zo na faɗa, da an duba abin da za a yi, ko a nuna mini inda ake samun irinsa mai sauƙi, domin sunan kamfani ne ke bambanta, maganin ɗaya ne.

Laifina na ɗauka. Amma zan faɗi abin da na gani a matsayina na wanda ya bi hanyar nan da ƙafarsa. Gangamin awo a kasuwa abu ne mai kyau, ba don shi ba da har yau ina yawo da abina. Sai dai awon shi ne ɓangare mafi sauƙi. Rumfa da lasifika kwana bakwai ne. Abin da ke hana mutum faɗuwa shi ne abin da ke biyo baya wata bayan wata, kuma nan ne ake barin ma'aikatan su kaɗai. Na gano katin wayar da ake kiranmu da shi, sau da yawa daga aljihun Hajiya yake fita. Matashin da ya zo gidana da ƙafa ya zo. Ranar da magani ya yanke a asibiti, mutane da dama a nan suke yankewa su ma, don wanda ke neman na cefane ba zai fifita ƙwayar ciwon da ba ya ji ba. Lokacin da asibitin ke buɗewa kuma shi ne lokacin da ɗan kasuwa da lebura da mai adaidaita suke neman abinci. Da za a ware yamma ɗaya a mako, ko a riƙa ba wanda awonsa ya daidaita maganin wata uku a lokaci guda, da layukan maza a littafin nan ba su riƙa yankewa haka ba. Masu hali a kasuwanninmu da ke gina masallatai da rijiyoyi, Allah Ya saka masu, ina ganin sayen maganin wata shida ga ƙaramin asibiti ɗaya yana cikin irin wannan alheri.

Tun daga Afrilu ban sake tsallake wata ba. Awona yana yawo tsakanin 128 da 135 a sama, ƙasa kuma bai wuce 85 ba. Na sayi na'urar awo irin ta dantse, na kai wa Hajiya ta gwada ta da tasu kafin in fara amfani da ita. Tana shago, a cikin durowar kuɗi. Bayan la'asar idan ciniki ya lafa, maƙwabta sukan zo in auna su, in sa su jingina su yi shiru minti biyar kamar yadda aka yi mini. Ba na ba kowa magani, ba na cewa kowa yana da ciwo. In rubuta lambar a bayan rasit in ce ya kai asibitin unguwarsu. Sau ɗaya wani dillali ya zauna yana cewa kansa kamar zai tsage, idonsa yana dishi-dishi, na'urar ta nuna sama da 190. Hajiya ta riga ta gaya mini cewa idan lamba ta kai 180 ga irin waɗannan alamu, ko aka ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ba a jiran gobe. Muka rufe shago muka sa shi a adaidaita sahu zuwa babban asibiti. Ya yi kwana biyu aka sallame shi, da ƙafarsa ya dawo kasuwa.

Mu bakwai Baba ya bari. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, an auna biyar, an samu biyu da shi. Yaya ne ya fi ba ni wuya, shi ne babbanmu, shi ya fi kama da Baba har a tafiya. Duk lokacin da na ɗauko maganar sai ya ce lafiyarsa ƙalau, kada in jawo masa ciwo da baki. 'Yarsa ta yi, ni na yi, ya ƙi. Ran nan bayan sallar Juma'a muna zaune a zaurensa na ce, "Yaya, kai ka riƙe kan Baba a mota ranar da muka kai shi asibiti. Ba na so yaranka su riƙe naka." Bai ce komai ba. Can ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo mini dantse.

An tabbatar da nasa a zuwa na biyu, Hajiya ta buɗe masa layi a littafin, shafi huɗu bayan nawa. Na roƙe ta ta haɗa mana ranar dawowa ɗaya, ta yarda. Litinin mai zuwa ce ranarmu, zan biya masa da ƙarfe bakwai da rabi, kafin benci ya cika.